Sauya wa Manhaja Yare: Darasi Daga Hartum da Umdurman

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Gaisuwa ta musamman a yau ga 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, na Mai Wurno da Gadarif da Kasala, da na Hartum da Umdurman, da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu tun daga watan Afrilun 2023. Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Maganarmu ta yau a kan wani aiki ne da ke yawan faɗo wa masu rubuta manhaja, wato a ɗauki manhajar da aka rubuta da wani yaren kwamfuta a mayar da ita wani yaren. Ɗalibai masu shirin kammala jami'a, ku matso kusa da rediyo. 'Yan kasuwa da ma'aikatan ofis, ku ma kada ku tashi, domin kuɗinku da albashinku da sakamakon jarrabawar 'ya'yanku duk ta hannun irin wannan aiki suke bi.

Ita kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya. Don mutum ya iya ba ta umarni ba tare da ya haukace ba, sai masana suka ƙirƙiro yaruka na musamman, kowanne da ƙa'idojinsa. FORTRAN ya fito daga kamfanin IBM a 1957 don lissafin injiniyoyi. COBOL ya biyo baya a 1959 don bankuna da ofisoshi. Yaren C ya zo a farkon shekarun 1970, Python a 1991 daga hannun wani ɗan ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum, sai Java a 1995. Jerin umarnin da mutum ya rubuta da ɗaya daga cikin waɗannan yaruka shi ake ce wa kod, kuma kod ɗin ne ke zama manhajar da ke cikin wayarka.

To me ya kai mu Hartum?

A watan Nuwamban 1997 gwamnatin Amurka, ƙarƙashin Bill Clinton, ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin cinikayya, kuma ba a ɗage shi ba sai a watan Oktoban 2017. Shekara 20 ke nan. Galibi idan ana labarin wannan takunkumi, maganar bankuna da kayan gyaran jirage ake yi. Amma ya shiga har cikin azuzuwan Jami'ar Hartum, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, da Jami'ar Ahfad ta mata da ke Umdurman. A lokacin, kamfanin Amurka ba shi da ikon sayar wa ɗan Sudan manhaja, ko da ɗan Sudan ɗin yana riƙe da kuɗinsa a hannu. Kamfanin Oracle, wanda ya mallaki Java tun 2010, ya sa Sudan cikin jerin ƙasashen da aka hana sauke kayansa. A watan Janairun 2010 rumbun SourceForge, inda ake ajiye dubban manhajojin kyauta, ya rufe ƙofarsa ga masu shiga daga Sudan da Iran da Kuba da Siriya da Koriya ta Arewa. A Janairun 2014 dandalin karatu na Coursera shi ma ya toshe ɗaliban Sudan. An ɗan sassauta a 2015 kan kayan sadarwa, amma tsugune ba ta ƙare ba sai bayan shekara biyu.

Yanzu ku dubi halin ɗalibin injiniya a zamanin takunkumin. Littafin da ake koyar da shi cike yake da misalan MATLAB, wani yaren lissafi na kamfanin MathWorks da ke Amurka, wanda sai an biya lasisi ake amfani da shi. Lasisin kuwa ba ya sayuwa a ƙasarsa. Da yawa sun koma ga kwafin sata, wanda ake karɓa a filas daga hannun aboki, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, ga ƙwayar cutar kwamfuta a matsayin gyara. Ɗaya hanyar ita ce a koma yaren da lasisinsa ya yarda ka kwafa ka ba duk wanda ka ga dama, irin Python. Sai dai wanda ya zaɓi wannan hanya, aiki ya same shi: duk kod ɗin da malami ko littafi ya ba shi da MATLAB, sai ya zauna ya juya shi.

(KIƊA)

Bari mu zauna kusa da irin wannan ɗalibi mu ga inda aikin ke tuntuɓe.

A ce yana nazarin cikar kogin Nilu. Wannan ba ƙaramin batu ba ne a garin da Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu. A watan Satumban 2020 ruwa ya haura mita 17 da rabi a ma'aunin Hartum, ya zarce na 1946 da na 1988, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta wata uku. To ɗalibinmu yana da jerin tsayin ruwa na kowace rana a watan Satumba, lamba 30 a jere. A MATLAB, idan ya ce a ba shi abu na 7, za a ba shi na ranar 7 ga wata, domin MATLAB daga 1 yake fara ƙirga. Ya kwafi wannan layi yadda yake ya kai Python. Python daga sifili yake farawa. Abu na 7 a wurinsa shi ne na ranar 8 ga wata.

Ku lura da abin da ya faru a nan, don shi ne ƙashin bayan shirinmu na yau. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, ba ta nuna jan rubutu ba. Ta ba da amsa cikin natsuwa, amsar kuma ba daidai ba ce, ta goce da kwana guda. Ga mai hasashen ambaliya, kwana guda shi ne tsakanin a kwashe mutanen tsibirin Tuti da ke Hartum a kan lokaci da a same su cikin ruwa.

Haka kuma idan ya ce a yanko masa daga 1 zuwa 7. MATLAB zai ba shi kwana 7 cif, har da na ƙarshen. Python zai ba shi kwana 6, daga ranar 2 zuwa ranar 7, don shi ba ya haɗawa da lambar da aka tsaya a kai.

Akwai wanda ya fi wannan ɓuya. Masu ilimin ƙididdiga suna da wani ma'auni da ke nuna yadda lambobi suka bazu daga matsakaicinsu. Umarnin da ke fitar da shi sunansa ɗaya a MATLAB da kuma NumPy, wato kundin lissafin da 'yan Python ke amfani da shi. Ka ba su lambobi uku, 2 da 4 da 6. MATLAB zai ce 2. NumPy zai ce 1.63. Babu wanda ya yi ƙarya. MATLAB yana rabawa da yawan lambobin ban da ɗaya, NumPy kuwa da yawansu gaba ɗaya yake rabawa, sai in ka gaya masa ya yi akasin haka. Abin ya yi kama da tiyar kasuwar garinku da ta wani gari: duk tiya ake ce musu, amma wanda ya auno a can ya zo ya sayar a nan bai duba ba, zai ga giɓi a buhu ya rasa daga ina.

Ga na masu jarrabawa. A ce maki 45 ne na tsallakewa, yarinya ta samu 44.5, ana so a cike shi ya zama cikakkiyar lamba. MATLAB zai ba ta 45, Java ma haka. Python na yanzu zai ba ta 44, domin ƙa'idarsa ita ce idan lamba ta tsaya daidai rabi, sai a karkata ga lambar da ke rabuwa biyu. Ta ci a tsohuwar manhaja, ta faɗi a sabuwa, alhali ba wanda ya taɓa takardarta.

Sai maganar kwafi. A MATLAB, idan ka ce jeri na biyu daidai yake da na farko, ka samu jeri biyu masu zaman kansu, ka gyara ɗaya ɗayan yana nan. A Python kuwa abu guda ne ka yi wa suna biyu, ka taɓa wannan ka taɓa wancan. Ɗalibai da yawa sun lalata ainihin bayanansu ta nan suna zaton kwafi suke gyarawa.

Duk waɗannan misalai, idan ka ɗora layin MATLAB kusa da na Python, ido zai ce maka an juya daidai. Shi ya sa nake cewa a daina auna wannan aiki da kamannin layi. Ma'auninsa guda ne: a ba tsohuwa da sabuwa bayanai iri ɗaya, su ba da amsa iri ɗaya.

(KIƊA)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan juya manhaja daga wani yaren kwamfuta zuwa wani, muna ɗaukar misalai daga Hartum da Umdurman. Mu bar makaranta mu shiga kasuwa.

Duk wanda ya san Sudan a 'yan shekarun nan ya san yadda ciniki ya koma waya. Da yaƙi ya rufe rassan bankuna, manhajar Bankak ta Bankin Hartum ta zama hanyar da 'yan'uwa daga Saudiyya da Masar ke aiko wa iyalansu abin cefane, har wuraren dafa abincin sadaka da ake kira takaya da ita suke karɓar gudummawa. Da aka katse layukan sadarwa a watan Fabrairun 2024, mutane sun ga yadda rayuwa ke tsayawa. A irin wannan ƙasa, kuskuren kod a harkar kuɗi yunwa ce a gidan wani.

To a ce wani matashi ya rubuta wa ɗan kasuwar Suk Umdurman manhajar lissafi da Python, daga baya aka ce a mayar da ita Java don ta zauna a wayar Android. Mai hankali yana ajiye kuɗi a matsayin girshi, wato ɗaya cikin ɗari na fam, don ya kauce wa ɗigo. A Python lamba ba ta da iyaka, ko ta kai nawa za ta shiga. A Java kuwa, ma'ajin lamba na yau da kullum, wanda ake kira int, yana cika a 2,147,483,647. Idan girshi ake ƙirgawa, fam miliyan 21 da 'yan kai ke nan. A ƙasar da hauhawar farashi ta wuce kashi 300 cikin ɗari a 2021, wannan ba kuɗin da zai ba babban ɗan kasuwa mamaki ba ne. Kuma idan ma'ajin ya cika, Java ba ya tsayawa. Lambar juyewa take yi ta koma bashi, mai dukiya ya wayi gari littafinsa na cewa ana bin sa. Maganin yana nan cikin Java ɗin, akwai ma'aji mafi girma mai suna long, akwai kuma BigDecimal na lissafin kuɗi. Amma sai mai juyawa ya san akwai ramin kafin ya tsallake shi. Irin wannan cikar ma'aji ce ta tarwatsa rokar Turai Ariane 5 ranar 4 ga Yunin 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta, bayan an ɗauko kod ɗin Ariane 4 an ɗora mata.

Akwai kuma abubuwan da tsohon kod ke ɗauke da su waɗanda tarihin ƙasa ne kawai zai bayyana maka. Sudan ta bar fam ta koma dinari a 1992, dinari ɗaya fam 10. A 2007 ta dawo da sabon fam, fam ɗaya dinari 100. Har yau a bakin mutane za ka ji ana ce wa fam dubu miliyan, da tsohon lissafi. Don haka idan ka buɗe tsohuwar manhajar ofis ka ga wani layi yana raba kuɗi da 100 ko 1,000 ba bayani, kada ka yi saurin share shi, kada kuma ka kwafe shi ido rufe. Nemi tsohon akawun da ya san lokacin da aka sa shi.

Agogo ma haka. A watan Janairun 2000 Sudan ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, daga awa 2 gaba da agogon GMT zuwa awa 3. Ranar 1 ga Nuwamban 2017 ta mayar da shi yadda yake da. Manhajar da aka rubuta a tsakanin nan, wataƙila an kafe mata lamba 3 a ciki. Ka juya ta da aminci, ka kwaso kuskure zuwa sabon gida. Ka canza 3 ta koma 2, duk bayanan 2010 sun goce da awa guda. Hanyar da ta dace ita ce a bar kundin lokutan duniya, wanda Python da Java duk suna karantawa, ya yi aikin, don a cikinsa an rubuta ranakun da Hartum ta sauya agogo. A nan sabuwar manhaja za ta saɓa wa tsohuwa, kuma ita ce mai gaskiya. Irin wannan saɓani a rubuce ake ajiye shi, da dalilinsa, mai aikin ya sa hannu.

Ranar Juma'a fa, ranar hutu? Python yana kiranta rana ta 4, yaren JavaScript ta 5, MATLAB ta 6. Manhajar albashi da ta rikita wannan za ta yanke wa ma'aikaci kuɗi don bai zo ofis ranar Juma'a ba.

Na ƙarshe a wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye. Sunan Hartum da Larabci harafi 7 ne. Python na yanzu zai ƙirga maka 7. Yaren C, da umarnin ƙirga na yau da kullum a yaren PHP, za su ce 14, domin su gurabun ajiya suke ƙirgawa, kuma a tsarin ajiye rubutu na UTF-8 kowane harafin Larabci gurbi biyu yake ci. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma bibbiyu suke ci. Wanda ya yanke suna a tsakiyar harafi, shi ne za ka ga alamar tambaya ko ɗan akwati a katin shaida. Wannan matsala ce ma ta fi wahalar da mutane lokacin ƙaura daga Python 2 zuwa Python 3, ƙaurar da ta faro a 2008 ba a rufe tsohon ba sai ranar 1 ga Janairun 2020. Ku duba fa, yare ɗaya ne, amma sai da aka shafe fiye da shekara 11.

(KIƊA)

To wanne ya fi? Tambayar da ake yawan yi ke nan, kuma ba zan kauce mata ba.

MATLAB yana da kyau a inda yake da kyau. Injiniyan lantarki da ke gwada tsarin sarrafa na'ura da Simulink na MATLAB ba zai samu madadinsa cikakke a kyauta ba, a faɗi gaskiya. Java yana da surutu, abin da Python zai faɗa a layi uku shi sai ya yi goma, amma yana tilasta maka ka bayyana nau'in kowane abu tun farko, ya kama maka kurakurai da dama kafin manhaja ta tashi, kuma ya fi Python gudu a yawancin aiki. Wannan ya sa manyan hukumomi ke son sa. Python kuwa ya fi sauƙin karantawa, kuma ba mai iya kulle maka shi. Ga ɗalibi a Hartum ko Kano ko Maraɗi, ni Python zan ce ya fara da shi. Ɗalibin da yaƙi ya kora Fot Sudan ko Alƙahira, ya bar kwamfutar jami'a a baya, zai iya buɗe kod ɗinsa na Python a kwamfutar aro, ko ma a waya, ba tare da neman izinin kowa ba.

Kafin ma a fara juyawa, a tambayi kai ko dole ne. Akwai manhajar kyauta mai suna GNU Octave da ke karanta mafi yawan kod ɗin MATLAB yadda yake. Idan aikin na wata biyu ne kafin kare kundin digiri, a gwada ta tukuna.

Idan kuwa juyawar ta zama tilas, ga yadda manya ke yi. A watan Maris na 2025 kamfanin Microsoft ya sanar cewa yana mayar da injin yarensa na TypeScript zuwa yaren Go, ƙarƙashin jagorancin Anders Hejlsberg, kuma sabon ya ninka tsohon gudu kusan sau 10. Ba su zubar da tsohon sun fara daga farko ba. Sun zaɓi Go ne don fasalinsa ya yi kusa da yadda tsohon kod ɗin yake, suka riƙa ɗaukowa kashi-kashi, suna gwada sabon da tarin gwaje-gwajen da suka tara shekara da shekaru. Kai ma da ƙaramin aikinka haka za ka yi. Tun tsohuwar manhaja tana aiki, ka ba ta bayanai iri-iri ka adana amsoshinta, har da na gefe-gefe: jerin da ba komai a cikinsa, lamba mai ɗigo biyar, kuɗi mai yawan gaske, suna mai ƙ, ranar 1 ga Nuwamban 2017. Ka juya kashi ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce. Kada ka haɗa juyawa da gyara a zama ɗaya, don in amsa ta canza ba za ka san wanne ya jawo ba. A lissafi mai ɗigo kuma, ka yanke tun farko ɗan bambancin da za ka lamunta, domin kwamfuta ko 0.1 da 0.2 ta haɗa ba ta ba da 0.3 cif.

Na san wani zai ce ai yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna juya kod cikin daƙiƙu. Haka ne, suna yi, suna kuma rage wahala ƙwarai. Har IBM ya fito da irin tasa a 2023 don mayar da COBOL zuwa Java. Amma na'urar ba ta zauna a ofishinku a 2007 ba, ba ta san dalilin raba kuɗin nan da 100 ba. Abin da ta ba ka, ka bi da shi ta gwajin da za ka yi wa aikin sabon ɗalibi.

Kirana na ƙarshe ga malaman jami'o'inmu da shugabannin ofisoshi ne. Malam, idan za ka ba ɗalibai misali, ka ba su da yaren da za su iya buɗewa a gida ba tare da sata ba. Ranka ya daɗe shugaban ofis, idan ka ba da kwangilar sauya manhaja, kada ka biya kuɗin ƙarshe sai an gudanar da tsohuwa da sabuwa tare na tsawon wata guda, an ajiye maka amsoshinsu gefe da gefe ka gani da idonka. Ku kuma ɗalibai, ku ajiye bayananku a fayil ɗin da kowane yare ke iya karantawa, irin CSV, ku ajiye kwafin kod ɗinku da gwaje-gwajensa a wani wuri daban da ginin da kuke aiki. Jami'o'i da ofisoshi da dama a Hartum sun yi asarar na'urorinsu a wannan yaƙi, kuma wanda ya ajiye kwafi a waje shi ne ya samu abin ci gaba da shi.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)